Hayaƙin Talata

A ƙauyen Kurki, can arewacin Minesota inda ake haƙar tama, ba a ganin hayaƙi a kan sauna sai ranar Asabar. Duk gidan da kakanninsa suka zo daga Finlan yana da tasa a bayan gida: ɗan ɗakin katako ciki da falo, a ciki murhu mai tulin duwatsu a kai, a falon kuma benci inda ake tuɓe kaya. Asabar da yamma ake hura wuta, duwatsu su yi zafi, a watsa musu ruwa, a yi wankan mako cikin tururi. In aka hango hayaƙi a wata rana dabam, tsofaffi kan ajiye abin da ke hannunsu su miƙe, don a zamaninsu abu biyu ke sa a hura sauna a tsakiyar mako: ko mace na naƙuda, ko za a yi wa gawa wanka.

Shi ya sa Sulo Rantala ya shiga watan Nuwamba yana kwana a kusa da murhu, ga itace jibge har rufi wanda shi da hannunsa ya faskara, amma ba halin ya ƙyasta ashana.

Sulo dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duka a ramin tama suka ƙare, yana tuƙa irin manyan motocin nan da tayarsu ta fi mutum tsawo. Da shi da matarsa Aune a gidan kamfani suka zauna, a unguwar ma'aikata da ake ce wa Jan Tudu saboda ƙurar tama da ke rine wanki a kan igiya. A nan suka haifi ɗansu guda, a nan Aune ta yi jinya, a nan ta rasu da hunturun bara. Ƙanƙara na narkewa kamfani ya ce tamar da ke ƙarƙashin unguwar ta fi gidajen da ke kanta daraja. Aka rushe Jan Tudu, aka faɗaɗa ramin ya cinye ta. Kafin kaka kuma kasuwar ƙarfe ta faɗi, kamfani ya rufe ramin ya sallami kowa. Ashe ma a banza aka ci gidan.

Da farko wurin ɗansa ya tafi, a birnin Dulut. Gidan haya ne a bene, ga surukarsa da yara ƙanana, ga shi a kan kujerar falo yana naɗe ƙafa duk lokacin da wani zai wuce. Ba wanda ya kore shi. Wata safiya dai ya ji surukar tana magana ƙasa-ƙasa a kicin, ya ɗaure jakarsa, ya ce musu yayar Aune ta ba shi ɗaki a gonarta. Da ya faɗi haka bai ma tambaye ta ba tukuna.

Impi ita ce yayar. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a gonar da ke ƙarshen hanya. Cocinsu na masu tsanani ne, ba rawa, ba giya, ba ko ɗan kunne, kuma a cocin ma ita ake nunawa in ana son a ce wa yara ga mai gaskiya. Da ta ga Sulo a bakin ƙofa da jaka, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Ba ka kwana mini a cikin gida, Sulo. Ka san bakin mutanen nan. Ga sauna can, ka zauna kafin ka samu wuri."

"Na gode, Yaya."

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma Lahadin da ta biyo, a ƙofar coci, Hilja Niemi ta tare ta a gaban mata ta ce, "Wai ina mijin marigayiya Aune ya faɗa ne?" Impi ta ga idanu a kanta, kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta: "Yana Dulut, wajen ɗansa." Maganar da gaskiya ce a makon da ya wuce. Ta dawo gida fuskarta kamar an shafa toka, ta gaya wa Sulo abin da ta ce, ta ƙara da cewa abin ba zai daɗe ba, ai zai samu wuri.

Bai samu ba. Wa zai ba tsohon direban rami haya a garin da rabin mutanensa ke loda kaya suna barinsa? Kullum kuma ƙaryar sai ta nemi a yi mata wani sabon aiki. Motarsa ta koma cikin rumbun ciyawa, a rufe. Ba ya fitowa fili sai ta bayan itatuwa. Ranar Asabar, kafin baƙi su zo wanka, yakan naɗe shimfiɗarsa ya kai rumbu, ya share falon, ya kwashe reza da kofinsa daga kan taga, sannan ya fito da mota ta hanyar daji ya zagayo ta babbar hanya, ya shigo gonar yana danna ham kamar wanda ya sha tafiya.

Taisto Heikkila, maƙwabcin Impi, abokinsa tun suna makarantar firamare, shi ke fara tarbarsa da tawul a wuya.

"A'a, mutanen birni! Ya Dulut? Har yanzu babban tafkin nan naku yana nan ko kun shanye?"

"Yana nan."

"Ka ji shi. Yana nan. Mutum ya taso daga birni takanas, labarin da ya kawo mana ke nan." A cikin tururi kuma sai Taisto ya shaƙi iska ya yatsine fuska. "Saunar Impi kwanan nan warin safa take yi. Kai ba ka ji?"

"Taka ce."

"Tawa na waje, tsoho."

In an gama wanka an sha kofi, Sulo ya yi sallama da kowa ya tada mota, ya sake zagayowa ta daji. Daren Asabar kaɗai yake kwana cikin ɗumi, don duwatsun kan riƙe zafi har wayewar gari. Da rani duk wannan bai dame shi ba. Amma daga ƙarshen Oktoba ruwan da ke cikin bokitinsa ya fara kwana da ɓawon ƙanƙara. Impi ta ba shi barguna, ta ba shi tsohuwar rigar sanyin mijinta. Wuta ce dai ta hana, domin a tsallaken fili akwai gidan tsohuwa Saima, wadda ta yi ungozoma a zamanin da ake haihuwa a sauna, ta kuma wanke gawarwakin rabin ƙauyen. Yanzu ba ta da aiki sai zama a bakin taga, kuma tagarta saitin bututun hayaƙin saunar Impi take.

Ana gobe zaɓe Impi ta kawo masa miyar kifi a kwano, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta hango baƙar kwat ɗinsa a rataye a ƙusa, an goge ta.

"Ina zuwa da kwat?"

"Gobe Talata, Yaya."

"Na san gobe Talata. Ni ce a teburin rajista a zauren ƙauye, ni da Hilja." Ta ajiye kwanon. "Ka tafi can makarantar da kuka saba yin zaɓe. Kada in gan ka a wurinmu, Sulo. Ka ji ni ko?"

"Na ji."

Bai taɓa fashin zaɓe ba, kuma Impi ta san dalili. Ubansa ya zo ƙasar nan a jirgin ruwa, ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa har huhunsa ya ƙare, bai taɓa samun takardar zama ɗan ƙasa ba. Ranar da Sulo ya fara kaɗa ƙuri'a, tsohon ya sa kayan cocinsa ya raka shi har ƙofar rumfa, ya tsaya a waje cikin sanyi hula a hannu, har ɗan ya fito. Daga baya kuma da Aune suke zuwa, ita a gaba shi a baya, kowa da jam'iyyarsa. In sun fito sai ta kama hannunsa ta ce, "To, na soke maka taka. Mu je mu sha kofi." Wannan ne zaɓe na farko da babu mai soke masa.

Da safe ya fasa ƙanƙarar bokiti ya yi aski da ruwan sanyi, ya sa kwat, ya fita ta hanyar daji.

A makarantar, Marlis ce a kan tebur, 'yar wani da suka yi aiki tare a rami. Ta gaishe shi da fara'a, ta bi sunaye da yatsa, ta sake bi, fara'ar ta ragu.

"Baba Sulo, an cire ka fa."

"An cire ni? Wa na yi wa laifi?"

"Ba kai kaɗai ba, duk 'yan Jan Tudu. An aika muku kati, gidan waya ya dawo da shi, wai babu gidan."

"To ki mayar da ni. Ai kin san ni. Ni na kai uwarki asibiti ranar da za a haife ki."

"Na sani, Baba. Amma sai ka sa hannu a kan cewa a can kake zaune." Ta rage murya. "Ni da kai mun san abin da ke wurin yanzu, rami ne da ruwa."

Wani da ke bayansa a layi ya ce, "Sai dai in ya koma kifi!" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, don rabin masu dariyar su ma nasu gidajen suna cikin ramin.

Marlis ta ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Doka ta ba ka dama ka yi rajista yau ɗin nan a rumfar inda kake zaune, nan take ka jefa ƙuri'arka. Ka nuna lasin tuƙi mai sabon adireshi. In babu, ka samu mutum ɗaya mai rajista a wurin ya rantse ya san a nan kake. Shi ke nan. An ce kana Dulut ko? In ka kama hanya yanzu za ka isa da sauran lokaci."

Ya ce ya gode, ya sa hularsa.

Bai kama hanyar Dulut ba. Wa zai rantse masa a can, kuma a kan me? Sai ya tsinci kansa a tsohuwar hanyar Jan Tudu, har inda kwalta ta yanke aka gitta waya. Ya fito ya tsaya. Ramin ya buɗe baki a gabansa, ja wur, ruwa ya fara taruwa a ƙasansa. Ya yi ƙoƙarin gane inda gidansu yake, ya auna daga hasumiyar ruwa, ya auna daga layin dogo, ya ga wurin ya faɗo a tsakiyar iska, inda wani hankaka ke shawagi. Lasin ɗin da ke aljihunsa nan yake cewa yana zaune. Mutanen Kurki sun ce yana Dulut. Ɗansa a Dulut yana zaton yana ɗakin bene a gidan Impi. Wurin da yake kwana da gaske kuwa, shi ne ba a yarda kowa ya ambata ba.

Ya zauna a mota ya kunna na'urar ɗumi, har yatsun ƙafarsa suka fara zafi suna dawowa. Ya ce a ransa zai koma gona ya rataye kwat, shekara huɗu ba nisa. Sai ya tuna Nuwamba ce ma yanzu, Janairu na tafe, lokacin da tofin yawu kan daskare kafin ya kai ƙasa. Ya tada mota. Da ya zo mararraba, ga hanyar daji a hagu, ga zauren ƙauye a dama da tuta a ƙofarsa da motoci a jere. Ya daɗe a tsaye injin na aiki. Wata mota ta zo bayansa ta danna ham, ya juya sitiyari dama don dai ya ba ta hanya. Haka ya gaya wa kansa.

Zauren ya yi ɗumi, yana ƙamshin kofi da burodi mai kanumfari da matan coci suka gasa. Murhu na ci a tsakiya, maza sun kewaye shi suna gardamar farautar barewa. A gefe ga rumfunan labule, a gaba ga dogon tebur. Hilja ce shugabar masu aikin zaɓe, tana zaune a tsakiya da tabarau a kan hanci. A hannun damanta, ƙarƙashin kwalin da aka rubuta sababbin masu rajista, Impi ce zaune da alƙalami.

Taisto ne ya fara ganinsa. "Jama'a, ku miƙe, gwamna ya iso! Ranar Talata kuma? Ko an hura sauna ban ji ba?"

Sulo ya wuce shi. Ya cire hula ya taka har gaban teburin, don ya san in ya tsaya ko sau ɗaya ba zai ƙarasa ba. Impi ta ɗago. Bai taɓa ganin mutum ya tsufa a cikin ƙiftawar ido ba sai ranar.

Hilja ta ce, "Sulo Rantala! Maraba da baƙon Dulut. Kofi ka zo sha?"

"Rajista na zo yi."

"A nan?" Ta sauke tabarau. "To, ga mai rajista nan a gabanka. Impi, ga mutum."

Impi ta jawo takarda. Ta rubuta sunansa ba tare da ta tambaya ba, ta rubuta ranar haihuwarsa, don ta san ta. Sai alƙalamin ya tsaya. Tambaya ta gaba doka ce ta ɗora mata, kuma ta yi wa mutane da yawa ita tun safe.

"Ina kake zaune?"

Masu gardamar barewa sun yi shiru. Sulo ya dubi hannuwanta, jajaye, masu kaushi, hannuwan da suka kawo masa miya jiya. In ya faɗa, ya tona matar da ta rufa masa asiri, a gaban Hilja da matan cocinta. In ya ce Dulut, ya ɗauki hularsa ya koma cikin sanyi, kuma daga yau shi ma ya sa bakinsa a cikin ƙaryar.

Hilja ta ce, "Mu ga lasin ɗinka." Ta duba. "Jan Tudu. Wannan ai ba ya aiki. Sai dai mai rantsuwa. Akwai wanda ya san mutumin nan a mazaɓar nan yake zaune?" Yadda ta yi tambayar, ta ɗauka ba mai amsawa.

"Ni."

Taisto ne. Ya ajiye kofinsa a kan murhu ya taho yana share gashin baki.

Sulo ya ce, "Taisto, bari."

"In bar me? Ka yi mini shiru, tsoho. Tun rani nake kallon wasan nan ina haɗiye dariya har cikina ya kusa fashewa. Mutum ya taso daga Dulut duk Asabar, ciyawar rumbu a kan motarsa, injin ko ɗumi bai yi ba! Da can abin dariya ne. Jiya da safe na bi ta wurin neman karena, na ga tagar ta yi fari fat daga ciki. Numfashin mutum ke yin haka. Na ce za a wayi gari a ga hayaƙi a wurin nan a tsakiyar mako, mu kuma mu sa baƙaƙen kaya." Ya miƙa hannu. "Ba ni takardar, Hilja."

Hilja ta ce, "Wace taga kake nufi?" Amma ba Taisto take kallo ba.

Ta miƙa masa takardar rantsuwa. Kafin ya kama, Impi ta ɗora tafinta a kai.

"Ba kai za ka rantse a kan saunata ba, Taisto Heikkila. Kai da ko ranar haihuwar matarka ba ka sani ba."

Ta miƙe tsaye. Gajeriya ce, teburin ya kusa kai mata ƙirji. Ba ta dubi Sulo ba, Hilja ta fuskanta.

"A saunata yake zaune, tun farkon rani. Na ce miki yana Dulut. Ba ya Dulut, kuma da na faɗa na san ba ya can." Ta ja numfashi. "Sai ki karɓi rantsuwar, tunda ni ba zan karɓi tawa da kaina ba."

Hilja ta ɗauki takardar. Ta mayar da tabarau ta karanta kalmomin da murya irin ta aiki: cewa mai rantsuwa tana da rajista a mazaɓar nan, cewa ta san mutumin nan da kanta, ta kuma san a mazaɓar nan yake zaune. Impi ta ce ta rantse, ta sa hannu. Ta koma ta zauna, ta jawo takardar Sulo, ta rubuta lambar gonarta a inda alƙalamin ya tsaya. Sannan ta ƙara kalma ɗaya a gefe, da manyan baƙi: sauna. Ba wanda ya nemi ta ƙara.

"Sa hannu a nan."

Ya sa. Hilja ta miƙa masa ƙuri'a.

A bayan labule ya tsaya da fensir, sunaye na yawo a idonsa. Yana jin zauren ya dawo da magana, amma ba irin ta ɗazu ba. Ya ji Taisto yana ta ƙoƙarin tada gardamar barewa shi kaɗai. Ya ji takun mata suna komawa can wajen teburin kofi. Ya yi alama a inda ya saba yi. Da ya zo ƙasa, kan wata ƙaramar kujera ta gunduma da bai san ko ɗaya daga cikin masu nemanta ba, sai ya zaɓi na jam'iyyar Aune. Ya ninke takardar ya jefa a akwati.

Da ya fito, an ɗora wa kowa a teburin burodi a faranti, ban da Impi. Tana zaune a miƙe kamar sanda, tana yi wa wani saurayi tambayar da ta yi masa. Ya tsaya kusa har saurayin ya wuce.

"Yaya."

Ba ta ɗago ba. "Ka samu abin da ka zo nema?"

"Na samu."

"To tafi. Ranar Lahadi ni zan tsaya a gaban coci in faɗi abin da na yi, ba kai ba." Ta daidaita takardun gabanta. "Tunda duniya ta ji, ka hura wutar. Amma ƙofar gidana tana nan yadda take. Kada ka ga an rubuta ka, ka ɗauka wani abu ya canja."

"Ban ɗauka ba."

A waje Taisto ya biyo shi har mota. "Kai yanzu gwamnati ta san ka. Sulo Rantala, mazaunin banɗaki. In shugaban ƙasa zai aiko maka da wasiƙa, sai ya naɗe ta a cikin tawul."

"Da ka yi shiru, da na fita abina."

"Da ka fita ka je ka daskare. Ka zo gidana ka zauna mana, tun da can me ya hana ka tambaya?"

"Matarka."

Taisto ya sosa ƙeya. "Gaskiya ne. Ni ma da kyar take barina."

Sulo ya shiga gonar ta babbar hanya, ya ajiye mota a fili inda kowa zai gani. Ya rataye kwat a ƙusa. Ya durƙusa gaban murhu ya jera ɓawon itace da ƙirare, ya ƙyasta ashana. Yatsunsa sun sandare, ashanar farko ta karye, ta biyu ta kama. Ya zauna a ƙasa yana kallon wutar tana cin itacen da ya faskara tun rani. Ɗakin bai ƙara faɗi ba. Bencin nan dai shi ne gadonsa, tagar nan guda ita ce tagarsa, kuma abin da ake cewa na ɗan lokaci ne yanzu an rubuta shi an yi rantsuwa a kai. Ya tuna sai ya kira ɗansa ya gaya masa kafin ya ji a bakin wani. Ya bar wannan sai gobe. Ƙanƙarar da ke jikin tagar ta fara narkewa tana gangarowa.

Ta cikin wurin da ya narke ya hango motar Hilja ta sauke Impi a bakin hanya. Rana ba ta faɗi ba, ba a kuma rufe rumfa ba, ashe ba ta iya ƙarasa yinin a teburin ba. Motar ta juya ba tare da an ɗaga wa juna hannu ba. Impi ta tsaya a tsakar gida jaka a hannu, ta ɗaga kai tana kallon hayaƙin da ke tashi.

Sai ga wata ta ɓullo daga tsallaken fili. Tsohuwa Saima ce, wadda ta yi shekaru ba ta taka ko'ina ba sai coci. Tana dogara sanda, ta ɗaura baƙin ɗankwali, a hammatarta farin ƙyalle a ninke. Ta taho a hankali ta cikin busasshiyar ciyawa, tana tsayawa tana hutawa. Sulo ya miƙe zai fita, sai ya ga Impi ta ajiye jaka ta nufe ta. Ya buɗe ƙofar kaɗan.

Saima na haki ta ce, "Impi, 'yata. Ke ce a tsaye? To wa muka rasa?"

"Ba mu rasa kowa ba, Inna."

"Ga hayaƙi ranar Talata."

"Sulo ne. Mijin Aune."

Tsohuwar ta gyara riƙon ƙyallen. "Allah sarki. Daga Dulut aka kawo shi?"

Impi ta matsa kusa da kunnenta ta ɗaga murya, yadda ko daga bakin hanya za a ji.

"Da ransa, Inna! A nan yake zaune. Sanyi yake ji."

Saima ta dubi hayaƙin, ta dubi ƙofar saunar inda Sulo ke tsaye da safa, ta dubi ƙyallen da ta ɗauko.

Ta ce, "To. Ku ba ni kujera in huta. Gobe ma zai hura?"

Impi ta ce, "Kullum."

Ta kama hannun tsohuwar suka nufi cikin gida. Sulo ya ji an rufe ƙofa, ya ji an sa sakata kamar yadda aka saba. Ya koma ciki ya ƙara itace.